Masu Ingiza Mai Kantu Ruwa

A Katabu, bakin titin Kaduna zuwa Zariya, kusa da Mararrabar Jos inda manyan motoci ke yada zango, wani direban tirela ya ja da baya ya ture teburin wata mai sayar da lemo da ayaba. Matar ta fasa ihu. Direba ya diro yana ba da haƙuri, hannunsa cikin aljihu yana laluben abin da zai biya. Jama'a suka taru ana tsince lemo daga ƙasa, magana ta kusa mutuwa. Sai ga wani mutum fes da shi, cikin farar shadda, ya fito daga inuwar wani shago. Bai tambayi ko an ji ciwo ba. Tambayarsa ta farko ita ce, "Direban nan ɗan ina ne?" Da aka faɗa masa, sai ya juya wajen samarin da ke tsaye ya ce, "To kun gani. Haka suke mana kullum, don sun san ba abin da za mu iya." Nan da nan wani yaro ya sunkuya ya ɗauki dutse. Allah ya sa akwai wani dattijo mai faci a wurin. Ya kama hannun yaron ya riƙe, ya dubi matar ya ce, "Baiwar Allah, nawa ne kayan naki?" Aka biya, aka watse. Na waiga neman mai farar shadda, ashe tun ɗaukar dutsen ya sulale.

Zuga ke nan: ka hura wa mutum zuciya ya aikata abin da kai ba ka da niyyar tsoma hannunka ciki. Hausawa sun gama magana da suka kira ta ingiza mai kantu ruwa. Ga mutum a bakin kogi da kantun gishiri a ka, iyakar jarinsa ke nan, yana shakkar tsallakawa. Na bayansa yana ce masa ruwan ko gwiwa bai kai ba, ai namiji ba ya tsoro. Shi mai ingizawar hannu rabbana yake, bai ɗauko komai ba. In gishiri ya narke ba nasa ba ne, in mai kaya ya nitse ba a gidansa za a shimfiɗa tabarmar makoki ba. Abin da ya fi ci mini rai a karin maganar nan shi ne, mai kantu ya fi kowa sanin abin da ruwa ke yi wa gishiri. Kunya ce ke jefa shi, kada a ce ya ji tsoro, kada a ce ba shi da kishi. Da wannan kunyar mai zuga yake cin kasuwarsa.

Mu mutanen Kaduna mun ga aikinsa da idonmu. A watan Maris na 1987 gardama ta tashi tsakanin ɗalibai a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan a kan wa'azi, cikin 'yan kwanaki wuta ta kai Kaduna da Zariya da Funtuwa, wurin mutanen da ba su ji ko kalma ɗaya daga wa'azin ba. A 1992 maganar sauya wa kasuwa mazauni ce a Zangon Kataf, ta ƙare da gawarwaki a cikin garin Kaduna. Rikicin shari'a na Fabrairun 2000 ba sai na tuna wa kowa ba. A Nuwamban 2002 rubutu ne a jaridar ThisDay, can a Legas, amma sama da mutum 200 suka mutu a nan. A Oktoban 2018 rikici ya ɓarke a Kasuwan Magani, 'yan sanda suka ƙirga gawa 55, bayan kwana uku jita-jita ta shigo birni aka kulle mu da dokar hana fita ta dare da rana. Kullum akwai tazara tsakanin inda abu ya faru da inda aka zubar da jini. Magana kuwa ba ta da ƙafa. Wani ne ke ɗaukarta, ya ƙara mata abin da zai ƙara, ya sauke ta a kunnen matasa.

Na san akwai ƙorafi na gaskiya a ƙarƙashin waɗannan rikice-rikice: gona, sarauta, talauci, haƙƙin da aka danne shekara da shekaru. Wanda aka zalunta yana da ikon yin magana da ƙarfi. Sai dai mai zuga bai taɓa warware ko ɗaya daga cikinsu ba. Abin da ya bar mana shi ne gari guda da kogi ya raba biyu. Bayan 2000 Kiristoci da yawa suka sayar da gidajensu a Tudun Wada da Rigasa suka koma Sabon Tasha da Narayi, Musulmi suka yi akasin haka, kowa a kan farashin gudun rai. Yanzu muna da yaran da suka girma ba su taɓa cin tuwon salla ko shinkafar Kirsimeti a gidan maƙwabcin wani addini ba. Irin wannan yaro duk abin da aka gaya masa game da na tsallaken gada zai yarda.

Mai zugar yau ma ba sai ya fito rana ba. Yana kwance a ɗaki mai sanyi zai naɗi murya ya sake ta a WhatsApp: "Jama'a a tura wa kowa, yanzu-yanzun nan ana kashe 'yan uwanmu." Ya haɗa da hoton wani tsohon hatsari, wataƙila ma daga wata ƙasa. 'Ya'yansa suna makarantar kwana a Abuja. Wa ke mutuwa? Ɗan acaba, mai shayi, almajiri, mai tura baro, ɗalibar da ta taso daga lacca ba ta san an fara ba. Alƙur'ani a Suratul Hujurat ya umurce mu da bin diddigin labari kafin mu afka wa mutane, yaranmu na Islamiyya sun haddace ayar, amma babban mutum da gemu sai ya danna tura kafin ya gama sauraro.

Abin takaicin shi ne sunan da muka raɗa masa. Muna ce masa mai kishin addini, mai kishin al'umma, wanda ba ya tsoron faɗin gaskiya. Wanda kuwa ya ce a dakata a bincika, shi ne munafuki, matsoraci, an saye shi. Muddin haka muke raba yabo da zagi, yaya za a yi matashi ya zaɓi zama mai shiga tsakani?

Akwai wata ƙaramar ɗariƙar Kirista da ake kira Kwekas, wadda George Fox ya assasa a Ingila wajen shekarun 1650. A 1660 suka rubuta wa Sarki Charles na Biyu cewa su ba za su ɗauki makami ba ko don wane dalili, suka kuma sha ɗauri saboda aƙidarsu. A 1947 aka ba ƙungiyoyinsu biyu lambar Nobel ta zaman lafiya. Ibadarsu a al'adance zama ne shiru, ba mai tashi ya yi magana sai ya tabbata akwai abin faɗi. Ni ban bi su a kan komai ba, addinina ya ba wanda aka kai wa hari damar kare kansa. Amma akwai abin da suka yi a ƙasar nan da ya kamata a sani. Lokacin yaƙin basasa, daga 1967 zuwa 1970, mutum uku daga cikinsu, Adam Curle da John Volkmar da Walter Martin, sun yi ta kai da kawo tsakanin Janar Yakubu Gowon, wanda ya tashi a Wusasa nan kusa da mu, da Odumegwu Ojukwu. Ba su da soja, ba su da gwamnati a bayansu. Saƙo suke ɗauka su kai yadda aka ba su, ba ragi ba ƙari. Suna ƙoƙarin fahimtar da kowane ɓangare abin da ɗayan ke tsoro. In sun ga kuskure, mai shi suke gaya wa a keɓe, ba su tara 'yan jarida. Ba su ne suka tsayar da yaƙin ba, ya ci gaba har Janairun 1970. Duk da haka maƙiya biyu sun ci gaba da buɗe musu ƙofa, saboda kowa ya tabbata maganarsa ba za ta canza kama a hanya ba. Sana'arsu da ta mai zuga iri ɗaya ce, ɗaukar magana daga nan zuwa can. Amana ce ta raba su.

Ba ma sai mun je Ingila neman misali ba. Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye a nan Kaduna suke, kuma dā kowannensu jagoran matasa ne masu shirin faɗa. Rikicin 1992 ya ci hannun Wuye na dama, ya ci malamin Ashafa da 'yan uwansa biyu. A 1995 aka haɗa su, ba don suna so ba. Wuye da bakinsa ya faɗa cewa ya daɗe yana tafiya tare da Ashafa alhali zuciyarsa na raya masa ya illata shi. Ashafa ya je duba mahaifiyar Wuye a asibiti. A hankali suka kafa cibiyar sasanta mabiya addinan biyu, suka taimaka aka tara malamai da fastoci 22 suka sa hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya ta Kaduna a Agustan 2002, zamanin Gwamna Ahmed Maƙarfi. Wata uku kacal gari ya sake kamawa da wuta. Ba su nannaɗe tabarma ba, suka wuce Yelwa da Shendam a Filato bayan kisan 2004, suka yi ta zama da mutane har aka ƙulla sulhu. Mutanen nan biyu sun ɗanɗani abin da zuga ke haifarwa a jikinsu da danginsu, kuma su aka yi ta jifa da kalmar sayar da addini. Daga bakin wa? Daga bakin waɗanda ko ƙwarzane ba su taɓa samu ba.

Bayan kowace tarzoma yaran da aka kama da gora da wuƙa ake nunawa a talabijin, zaune a ƙasa ba riga. Wanda ya tura su yana gida. Ranar sadakar uku kuma shi ne a kan gaba wajen ta'aziyya, an ba shi darduma kusa da uban mamaci, yana kaɗa kai yana cewa jinin nan ba zai tafi a banza ba, ƙannen mamacin na saurare. Limamai, fastoci, masu unguwa, kun san shi, kun san gidansa, wasunku ma ku ke miƙa masa lasifika. Ku karɓe ta daga hannunsa. In ya fara a majalisa, a tambaye shi a gaban samarin ko ya gani da idonsa, in kuma ya ce a fita, a ce masa ya kira babban ɗansa ya shige gaba.