Naman Kaza Da Haƙƙin Mai Shan Ruwa

Duk wanda ya zauna gaban malami a zaure ya san hukuncin ruwa a mazhabar Malikiyya: muddin launinsa, ko ɗanɗanonsa, ko ƙanshinsa bai jirkita ba, ya halatta a yi alwala da shi. To, zamani ya zo da wata ƙazanta wadda ba ta taɓa ko ɗaya daga cikin ukun nan, wato ragowar magungunan asibiti.

Ƙwayar da mutum ya haɗiya ba duka jiki ke cinyewa ba, wani sashe yakan fita cikin fitsari. Ga kuma wadda ta lalace aka watsar a kwata. Daga nan Wusasa har Sabon Gari, ruwan damina ke kwasar abin kwata zuwa rafuka, irin su Kubanni mai zuba cikin Galma, inda masu lambu ke ban ruwa. A 2022 wani bincike da Jami'ar York ta Ingila ta jagoranta ya auna koguna 258 a ƙasashe 104, aka tarar fiye da rubu'in wuraren da aka ɗiba suna ɗauke da magani gwargwadon da ake tsoron cutarwarsa. Abin tsoro kuwa, ƙwayoyin cutar da suka saba da magani kaɗan-kaɗan sukan daina jin sa.

Sai ga taimako daga inda ba a zata ba. Naman kazan nan mai fitowa jikin ruɓaɓɓen icce yana fid da wani sinadari da yake narkar da taurin iccen. Masana sun gwada, sun ga sinadarin yana wargaza magunguna irin su diclofenac na ciwon jiki. Ikon Allah! Daga danginsa, fumfuna, aka gano fenisilin a 1928.

Yanzu tambaya ita ce: samuwar mai wankewa tana sauƙaƙa laifin mai zubarwa? A ganina, a'a. Galibin aikin nan yana ɗakunan gwaji tukuna, kuma yana bukatar a tara ruwan wuri guda, alhali kwatocinmu a buɗe suke gudana. Ko da ya iso mu, samuwar maɗori ba ta halatta wa kowa karya ƙafar maƙwabcinsa. Alwalar mai lambu ta inganta, babu shakka, amma haƙƙinsa yana wuyan wanda ya juye ragowar kwalbar magani a kwata, ko da bai san shi ba, bai kuma taɓa zuwa bakin Kubanni ba.