Ruwa a Cikin Madara: Tsakanin Ma'auni da Lamiri

Akwai wata tambaya da ke damun da yawa daga cikin masu bi da ke fita da asuba daga Zawaciki da Panshekara zuwa masana'antun Challawa da Sharada, wasu har Bompai. Idan mutum ya yi algus a wurin aikinsa, kuma babu na'urar da za ta gano shi, babu wanda ya zo ya ce an cuce shi, shin ya yi zunubi? Amsar katikis gajeriya ce, kowane yaron da ke shirin karɓar Jibin Ubangiji na farko ya san ta. Amma mun ga ya dace mu bi tambayar ta wata hanya, wato ta abin da masu bincike suka gano game da ɗanyar madara, domin a cikin ƙwarya guda lamarin ya fi fitowa fili fiye da cikin dogon wa'azi.

Madarar saniya, yadda Allah ya yi ta, kusan kashi 87 cikin 100 ruwa ce. Shi ya sa ƙara mata ruwa yake da sauƙi, ido kuma ba ya gani. Masana suka duba suka ga cewa lita ɗaya ta madara ta ɗara lita ɗaya ta ruwa nauyi kaɗan: ruwa giram 1,000, madara kuwa wajen giram 1,030. Sai suka ƙera wani ɗan bututun gilashi mai nauyi a gindi, wanda ake tsomawa a cikin madara. Idan ya nutse fiye da ƙa'ida, an san an yi gami. A shekarar 1890 wani malami a Jami'ar Wisconsin ta Amurka, Stephen Babcock, ya fito da hanya mai sauƙi ta auna man da ke cikin madara, ya kuma ƙi mallake dabarar don neman kuɗi, ya bar wa manoma ita kyauta. Bayan shekara 2 Niklaus Gerber na ƙasar Suwizalan ya fito da tasa, wadda har yau ake aiki da ita a ɗakunan gwaji.

To, ga inda abin yake da ban tsoro. Mai ya fi ruwa sauƙi, saboda haka idan aka kwashe man madara, nauyinta yana ƙaruwa. Idan aka ƙara ruwa, nauyin yana raguwa. Mai wayo sai ya yi duka biyun, ya kwashe mai ya sayar daban, ya zuba ruwa daidai gwargwado, bututun gilashin kuwa ya tsaya a inda madarar kirki ke tsayawa. Ha'inci biyu sun haɗu sun ba da sakamako irin na mai gaskiya. Aka fara auna mai, sai aka koma kaurara madara da sitaci ko garin rogo. Aka gano cewa ɗigon aidin yana mai da sitaci shuɗi mai duhu, sai aka nemi wata dabara. Ƙarshen wannan tsere ya bayyana a ƙasar Sin a shekarar 2008. Gwajin da ake yi don sanin yawan sinadarin gina jiki a madara, a haƙiƙa naitirojin yake aunawa. Wasu suka lura da haka, suka riƙa zuba wa madarar da suka yi wa ruwa wani sinadari mai suna melamin, wanda ake yin robobi da shi, domin yana cike da naitirojin. Takardun gwaji suka fito lafiya lau. Jarirai kusan 300,000 suka kamu da ciwo, yawancinsu na ƙoda, 6 suka rasu.

Waɗanda suka yi wannan aiki ba jahilai ba ne. Sai wanda ya san yadda gwajin yake aiki zai iya ruɗinsa. Ilimin da ya ƙera ma'aunin shi ne ya nuna hanyar kauce masa. Mai bincike yana iya tsananta wa maha'inci, ya sa ha'incin ya yi tsada, kuma wannan hidima ce babba ga jama'a. Amma kullum a baya yake, yana bin sawu. Akwai wani ɗan lokaci, tsakanin tatsa da gwaji, da babu kowa a wurin sai mutum da lamirinsa da Ubangijinsa, kuma a wannan ɗan lokacin ne ake yanke ko jaririn wani zai sha abinci ko zai sha guba.

Littafi Mai Tsarki ya daɗe da sanin wannan wuri. Littafin Firistoci sura 19 ya sa gaskiyar mudu da ma'auni a cikin dokokin tsarki, tare da ƙaunar maƙwabci. Annabi Amos a sura 8 ya tsawata wa 'yan kasuwar da ke ƙagara ranar hutu ta wuce don su koma ga tauye mudu. Maƙwabtanmu Musulmi ma suna da labarin da suke koya wa 'ya'yansu, na wata yarinya a Madina a zamanin Halifa Umar, wadda mahaifiyarta ta ce ta zuba ruwa a madara tun da Halifa ba ya ganinsu, ita kuwa ta ƙi domin Ubangijin Halifa yana gani. A birni irin Kano, inda Kirista da Musulmi ke tsaye a gaban injin guda, yana da kyau mu san cewa a kan wannan magana bakinmu ɗaya.

Sai dai ba duk cutar da ke cikin madara ce ta algus ba. Madarar da aka tatso da zuciya ɗaya tana iya ɗauke da ƙwayar tarin fuka ta shanu, ko ta bakkale, ciwon da ke sa shanu ɓari, ya sa mutum zazzaɓi mai tafiya yana dawowa, har a yi ta shan maganin cizon sauro a banza. Louis Pasteur, Bafaranshen da ya tashi a gidan Katolika, ya nuna a shekarun 1860 cewa ɗumama abin sha yana kashe ƙwayoyin da ke lalata shi, daga baya aka yi amfani da dabarar a kan madara: digiri 63 na tsawon minti 30, ko digiri 72 na daƙiƙa 15. A ƙasarmu, cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom tana aiki tun 1924, akwai kuma cibiyar binciken kiwo ta Shika kusa da Zariya, da jami'o'in Ahmadu Bello da Bayero. Abin da suke ganowa yana sauya matsayinmu a gaban Allah. Kakarmu da ta ba jika ɗanyar madara ba tare da sanin ƙwayar cuta ba, ba ta da laifi. Mu da aka gaya mana, idan muka ƙi tafasawa don ganda ko tsimin gawayi, hukuncinmu daban ne. Haka makiyayin da ya san cewa saniyar da aka yi wa allurar kashe ƙwayoyin cuta sai an bar madararta na wasu kwanaki, amma ya kai ta kasuwa a ranar.

A nan muna so mu ja kunnen kanmu, domin da an ambaci gami sai kowa ya nuna Bafulatana mai tallar nono. Saniyar Bunaji a ruga lita ɗaya ko biyu take ba mai tatsa a rana, da rani ma ba ta kaiwa. Matar ta yi tafiyar sa'o'i da ƙwarya a ka, babu na'urar sanyaya kaya, zafin Kano kuwa ba ya jiran kowa. Ta iso, mu kuma mu yi ta tayi har sai kuɗin ya gaza wahalarta, sannan mu yi mamakin ganin tsala a maimakon kindirmo. Ba mu ce ruwan ya halatta ba. Muna cewa mai sayen da ya dage a kan farashin da gaskiya ba za ta iya biya ba, yana da hannu a cikin ƙwaryar. Haka nan ruwan majemun fata da na rini da ya daɗe yana gangarawa kogin Challawa, inda shanu ke sha, masu lambu ke ban ruwa: hannun ma'aikaci ne ke buɗe bututun da dare, a wasu lokuta kuwa hannun da ya yi alamar gicciye da safe.

Daga madara bari mu koma ga abin da saniyar ke ci, domin a can ma bincike yana da darasi, amma na wani iri. Masana sun daɗe suna nazarin yadda tsiro ke tsayawa da ƙafarsa. Galileo, ɗan Katolika wanda ba firist ba, a littafinsa na 1638 ya lura cewa karan alkama, saboda cikinsa rami ne, ya fi ƙarfin ɗaukar zangarniya fiye da a ce an dunƙule shi ya zama siriri mara rami. (Shi ne wanda kotun Ikklisiya ta hukunta a 1633, kuma Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya bayyana a 1992 cewa alƙalansa sun yi kuskure. Ba ma jin kunyar faɗin haka.) Kowane manomi ya san baƙin cikin ganin hatsi ya kwanta bayan iska, musamman idan taki ya yi yawa, kai ya yi nauyi, kara ya yi tsawo. Norman Borlaug ya magance wannan a alkama ta hanyar fito da iri mai gajeren kara a ƙasar Meziko, ya sami lambar Nobel ta zaman lafiya a 1970.

Amma a ƙasar Hausa doguwar dawa irin su Farafara da Kaura ba hatsi kaɗai take bayarwa ba. Karan shi ne darni, shi ne makamashi, karmaminsa kuma shi ne abincin shanu da rani, wato shi ne madarar watan Maris. Mai binciken da ya auna buhun hatsi kawai zai ce gajeren iri ya fi, lissafinsa kuma daidai ne. Manomin da ya ƙi karɓa shi ma lissafinsa daidai ne, domin yana ƙirga abin da ba a sa a takarda ba. Masu aikin inganta iri a Samaru da sauran cibiyoyi suna la'akari da wannan, suna neman irin da zai ba da hatsi da abincin dabba tare. Ga namu ganin, wannan ma gaskiyar ma'auni ce: mutum ya tambayi kansa abin da ya bari bai auna ba, da kuma wanda zai ɗauki asarar.

Me ya kawo wannan duka cikin jaridar Ikklisiya? Majalisar Vatikan ta Biyu, a takardarta kan Ikklisiya ta 1964 da wadda ta keɓe wa hidimar masu bi ta 1965, ta koyar cewa waɗanda ba firistoci ba suna da nasu kira ta wurin Baftisma, kuma filin wannan kira shi ne al'amuran duniya: gona, kasuwa, ɗakin gwaji, gaban injin. Ta kuma ce binciken da aka yi bisa ƙa'idarsa da bin ɗabi'a ba zai yi karo da bangaskiya ba, tun da Allah ɗaya ne tushen duka biyun. Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya maimaita haka a wasiƙarsa kan masu bi ta 1988, inda ya yi gargaɗi a kan raba rayuwa gida biyu, ta ibada daban, ta aiki daban. Dayosis ɗinmu na Kano, wanda ya sami cikakken matsayi a 1999, yana da firistoci kaɗan a tsakiyar miliyoyin mutane. Fada ba zai shiga ɗakin gwajin masana'anta ba, ba zai kwance injin tafasa madara ya ga ko ma'aunin zafinsa yana faɗin gaskiya ba. Makanikin da ya san ma'aunin ya lalace, ya san gyaran zai tsai da aiki na yini guda, shi kaɗai ne Ikklisiya a wurin.

Haka ɗalibinmu da ke rubuta kundin digiri a kan ingancin madara. Idan ya tattara samfuri 20 ya rubuta 100, ko ya goge sakamakon da bai yi wa malaminsa daɗi ba, ya zuba ruwa a madara ke nan, kuma nasa ya fi muni, domin da takardarsa za a auna na wasu. Sa hannu a kan takarda yana da nisan tafiya. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a ciki, manoman da ba su taɓa yin laifin ba suka ɗauki hukuncin tare da masu laifi. Yanzu da aka buɗe tashar jiragen ruwa ta tsandauri ta Dala a nan Zawaciki a 2023, kayan da ke fita daga ƙofarmu suna tafiya ne da shaidar waɗanda suka gwada su.

Saura magana mai wuya, kuma ba za mu yi kamar mai sauƙi ce ba. Masaƙu da masana'antu da yawa a Sharada da Challawa da Bompai sun rufe tun daga shekarun 1990, aiki ya yi ƙaranci. Ma'aikaciyar ɗakin gwaji mai 'ya'ya huɗu, wadda shugabanta ya tura mata takarda ya ce ta sa hannu a kan kayan da ta san ba su cika ƙa'ida ba, ta san akwai mutum goma a bakin ƙofa da ke jiran kujerarta. Koyarwar Ikklisiya a nan ba ta da kwana: ba a yin mugunta don alheri ya fito, kada ta sa hannu. Amma idan muka gaya mata haka ranar Lahadi, muka juya baya ranar Litinin da aka sallame ta, mun ɗora mata kayan da mu ba mu taɓa da yatsa ba. Zumuntar Matan Katolika, da ƙungiyar maza, da ta matasa, suna tara kuɗi don anko da bukukuwa da jana'iza. Muna roƙon majalisar masu bi ta kowace majami'a ta sa wannan a jerin abin da za ta tattauna a zamanta na gaba: wa zai biya kuɗin makarantar 'ya'yan wadda ta rasa aiki saboda ta ƙi sa hannu, na wata nawa, kuma wa a cikinmu yake da shago ko ofis da zai ɗauke ta.