Hukuncin Tsaga Gawa Don Gano Sanadin Mutuwa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa baki ɗaya. Bayan haka, wani mai karanta wannan fili daga ƙasar Kazaure ya aiko mana da tambaya wadda muka ga ya kamata mu ware mata wannan mako ɗungum.

Ga yadda ya kawo ta. A ɗauka an wayi gari a wani ƙauye na Roni ko Gwiwa an tsinci gawar magidanci a cikin kududdufi, alhali kuwa kowa ya san kwana biyu da suka wuce ya yi sa-in-sa da maƙwabcinsa a kan iyakar gona. 'Yan sanda sun ce a kai gawa asibiti likita ya duba, dangi kuwa sun ce faufau, ɗan'uwansu ba za a taɓa shi da wuƙa ba, za su yi masa sutura kafin la'asar. To, wa ke kan daidai?

Da farko dai sai mu faɗi gaskiya, dangin nan suna da madogara. Allah Ya girmama ɗan Adam, kuma wannan girma ba ya faɗuwa don rai ya fita. Akwai hadisin Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, wanda Abu Dawuda ya ruwaito, inda aka daidaita laifin karya ƙashin mamaci da na karya ƙashin mai rai. Akwai kuma umurnin gaggauta jana'iza. Saboda haka asali haramun ne a keta jikin mamaci, kuma duk wanda ya ji tsigar jikinsa ta tashi da aka ambaci tsaga mahaifinsa, to, imani ne da kunya suka motsa masa, bai kamata wani ɗan boko ya yi masa dariya ba.

Amma fa akwai wata magana da mutanenmu kan yi a irin wannan wuri, wadda ita ce ke bukatar gyara. Sai ka ji an ce, ai kwana ne ya ƙare, bincike ba zai komo da shi ba. Gaskiya ne ajali ba ya gaba ba ya baya. Sai dai wanda aka soka wa wuƙa ma ai da ajalinsa ya mutu, duk da haka Allah Ya shar'anta ƙisasi da diyya. Watau ajali na Allah ne, sanadi kuwa an ɗora wa masu rai su bi diddiginsa. Da a ce imani da ƙaddara yana rufe ƙofar tambaya, da babu babin jini a littattafan fiƙihu.

Mu duba yadda shari'a ta ɗauki wannan al'amari tun farko. A cikin Suratul Baƙara an ba da labarin mutumin da aka kashe cikin Banu Isra'ila, jama'a suka yi ta jifan juna da laifin, har Allah Ya bayyana abin da ake ɓoyewa. A cikin Suratu Yusufa kuwa, wani daga cikin mutanen gidan Azizu ya ba da shawara a dubi inda riga ta yage, ta gaba ko ta baya, da haka aka gane mai gaskiya. Malamai sun ɗauki wannan hujja ce ta yin aiki da alamu. Haka kuma lokacin da aka sami Abdullahi ɗan Sahlu a kashe a Haibara, ba a san wanda ya kashe shi ba, Manzon Allah bai ce a manta ba. Ya gabatar da rantsuwa hamsin, wadda ake kira ƙasama, daga bisani ya biya diyyar raƙuma ɗari don kada jinin ya tafi a banza. Duk almajirin da ya karanta Risala ya san wannan babi. To, in shari'a ta yarda a nemi gaskiyar jini ta hanyar rantsuwar mutanen da ba su gani da idonsu ba, yaya za ta ƙi shaidar da ke kwance a jikin mamacin kansa?

Ya kamata mai karatu ya san abin da likitan nan yake nema, domin da yawa suna zaton sassara gawa ake yi kamar a mahauta. Yakan fara ne da duban waje. Rauni da aka yi wa mutum yana da rai yakan tara jini ya kumbura, domin zuciya tana bugawa, wanda aka yi bayan mutuwa kuwa ba ya yin haka sosai. Sandarewar gaɓoɓi, da inda jini ya kwanta a jiki, sukan nuna kimanin lokacin mutuwa, har su tona ko an sauya wa gawa wuri. Wanda aka shaƙe sau da yawa akan ga tabo a naman wuyansa, wani lokaci ƙaramin ƙashin maƙogwaro ya karye. Wanda ya nutse da ransa akan ga kumfa a hancinsa da bakinsa, huhunsa ya cika ya yi nauyi. In ana zargin guba, irin su shinkafar ɓera ko maganin ƙwari, akan ɗebi jini da abin da ke cikin tumbi a kai ɗakin gwaji. Likita mutum ne, yana iya kuskure, kuma akwai gawar da ba ta nuna kome, shi ya sa maganarsa shaida ce wadda alƙali zai auna tare da sauran shaidu.

Yanzu mu koma kan mutumin kududdufi. In an rufe shi ba bincike, ɗayan biyu ne. Ko dai kashe shi aka yi, mai kisan ya ci gaba da shiga sahu ɗaya da marayunsa, ko kuwa santsi ne ya ɗebe shi, maƙwabcin nan kuma ya zauna da tabon zargi har ƙarshen ransa, a ƙi auren 'ya'yansa, gaba ta gadu tsakanin gidaje biyu. Kowanne aka ɗauka an zalunci wani mai rai.

Malamanmu na Malikiyya sun riga sun auna irin wannan. A cikin Muhtasar, Shehu Halilu ya kawo halaccin tsaga cikin mamaci don fitar da dukiya mai yawa da ya haɗiye. To, in haƙƙin dukiya ya isa a ɗage haramcin, ai jini ya fi dukiya nauyi. A kan wannan ƙa'ida ta ɗaukar ƙaramar cuta don kore babba, Majalisar Manyan Malamai ta Saudiyya ta yanke a shekarar 1396 ta Hijira, watau 1976, cewa ya halatta a tsaga gawa don binciken laifi da kuma gano cututtukan annoba. Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa ita ma ta zauna a Makka a 1987 ta tabbatar da haka, ta kuma sa sharuɗɗa: gawar mace likita mace ce za ta duba sai in babu, kuma duk abin da aka cire daga jiki sai an binne shi.

Batun annoba kuwa mun ɗanɗana da kanmu. A 2010 yara fiye da 400 suka mutu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara. Sai da aka gwada jinin yara da ƙasar gidaje sannan aka gane gubar dalma ce daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gida, daga nan aka ceci dubbai. A watan Afrilu na 2020 da mace-mace suka yawaita a Kano, an riga an rufe mamatan, sai tambayar dangi aka yi game da alamun ciwon. Ministan Lafiya na lokacin, Dokta Osagie Ehanire, ya bayyana cewa cikin mutum 979 da aka lissafa, rabi ko fiye suna da nasaba da cutar korona. Wannan ya nuna mana bincike hawa-hawa ne: akwai tambaya, akwai gwajin jini, akwai hoton na'ura, tsagawa ita ce ta ƙarshe. Abin da aka halatta don lalura kuwa gwargwadon lalurar ake yinsa.

Amma a nan dole mu juya ga hukuma, domin da yawa ba wuƙar likita suke gudu ba, wahala suke gudu. Masanan wannan fanni sun fi taruwa a manyan asibitoci irin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Talakan da ke kan iyaka a Babura, ko a cikin duwatsun Roni, in an ce ya kai gawa Kano, kuɗin mota yake tunani, da zafin bazara, da kwanakin da za a yi masu ta'aziyya na zaune ba a yi jana'iza ba. Hukumar da ta karɓi gawa ta bar ta ta lalace, ita ce ta keta alfarmar mamaci, alhakin kuma yana wuyanta. Lalle ne a tanadi ɗakin sanyi mai aiki a asibitocin Kazaure da Babura, likita ya zo inda gawa take, a gama cikin yini guda in zai yiwu, kuɗin kuma ya fito daga baitulmali, domin kare jini aikin shugaba ne.

Amsarmu ga mai tambaya ita ce: wanda ya rasu a kan shimfiɗarsa da ciwon da aka sani, a gaggauta masa sutura, babu mai ikon taɓa shi. Wanda kuwa mutuwarsa ta zo da shakka mai ƙarfi, alƙali ya ba da umurni, to, bai kamata dangi su hana ba, kuma ba su saɓa wa Allah ba don sun yarda. Muna roƙon limamai da dagatai su riƙa bayyana wa jama'a wannan tun ana zaune lafiya, domin ranar rasuwa ba ranar karatu ba ce.

Allah ne Mafi sani. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya kyautata namu ƙarshe, amin. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.