Waƙar Rabon Haƙƙoƙi Tare da Sharhinta

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, Ubangijin talikai. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi su da kyautatawa har ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa, sababin wannan waƙa abu ne da ya same ni a kaina, ina faɗin sa domin wani ya wa'aztu da ni. Na share shekaru ina zama kan buzu tun bayan asuba har hantsi, ina biya wa almajirai. Daga nan sai gona idan damina ce, sai ɗaurin aure, sai jana'iza, sai sulhu tsakanin masu husuma, da dare kuma muɗala'a har tsakiyarsa. Ina ganin wannan duka hidimar addini ce, don haka ban taɓa tuhumar kaina ba.

Sannu a hankali sai halina ya soma sakewa. Kuskuren ɗalibi wanda da nake gyara shi da murmushi, sai na koma ina yi masa tsawa. Idan na ji sallama a ƙofar zaure sai ƙirjina ya yi nauyi. Wata rana cikin bazara na yunƙura zan tashi, sai jiri ya kwashe ni na faɗi gaban almajirai. Likita ya auna ni, ya ce hawan jini ne. Ina kwance uwargida ta kawo mini fura, ta ce, "Malam, autarka ta kai izu talatin. Kai da kake biya wa ɗiyan mutane, ba ka taɓa jin allonta ba." Wallahi wannan magana ta fi ta likita yi mini zafi. A cikin wannan jinya na tsara baitocin nan.

Da sunan Ta'ala nake fara waƙa,
Wuni don biɗa ne, dare don hutawa.
Salati ga Manzo, Aminin Ta'ala,
Da ya zo da sauƙi, yana tausayawa.

Sharhi: Ku sani, Allah Ya yi muku rahama, rabon dare da rana tsarin Mahalicci ne. A cikin Suratun Naba'i Ya lissafa barci cikin ni'imominSa, Ya kira shi hutu, Ya kira dare sutura, Ya kira rana lokacin neman abinci. Wanda ya mai da darensa rana, ya yi ta yi kullum ba da lalura ba, ya saɓa wa wannan tsari, kuma jikinsa ne zai biya. Ku duba ƙarshen Suratul Muzzammil. Bayan Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da sahabbansa sun daɗe suna tsayuwar dare mai tsawo, sai Allah Ya sauƙaƙa musu, Ya ambaci cewa a cikinsu akwai marasa lafiya, da masu tafiya neman falalarSa, da masu yaƙi. Idan har an sassauta tsayuwar dare saboda fatake su sami ƙarfin nema, to wane aiki ne ya fi ƙarfin a sassauta shi?

Jikinka amana, ba naka ba ne shi,
Akwai ran da Mai shi Yake tambayawa.
Ka ba doki hutu idan za ka nisa,
Gudu ba tsayawa yana sa gazawa.

Sharhi: Jiki abin hawan ruhi ne, da shi ake ruku'u, da shi ake noma. Imamul Gazali, wanda ya rasu shekara ta 505 bayan Hijira, watau 1111, ya ƙaddara barcin mutum a sa'a 8 cikin dare da rana, ya hana a wuce haka saboda kada shekaru su tafi a kwance. Shi da kansa, a shekara ta 488, yana karantar da ɗalibai wajen 300 a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza, damuwar zuci game da niyyarsa ta kama shi har harshensa ya ɗaure, abinci ya ƙi shigarsa, likitoci suka ce abin daga zuciya ya taso. Wannan yana nuna mana cewa zuciya da jiki igiya ɗaya ta ɗaure su, idan ɗaya ya jigata sai ɗayan ya bi shi.

Wani almajirina da ya yi karatun likitanci ya karanta mini abin da masana na zamani suka gano. A shekara ta 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta siffanta wannan gajiya da aiki ke haifarwa da alamomi 3: ƙarewar ƙarfi, da ƙyamar aikin da mutum yake yi, da raguwar ingancinsa. Da na ji haka na ce, ai duk ukun sun taru a kaina. A shekara ta 2021 kuma ita da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya suka bayyana cewa a 2016 mutum 745,000 suka mutu da shanyewar ɓarin jiki da ciwon zuciya saboda aikin sa'a 55 ko fiye a mako. Mai irin wannan aiki haɗarin shanyewar jiki ya ƙaru masa da kashi 35 cikin 100 bisa mai aikin sa'a 35 zuwa 40. Ajali na hannun Allah, babu shakka, amma shari'a ta hana mutum ya jefa kansa ga halaka.

Ina kira ga tela da ke kwana kan keke gabanin Salla, da mai kabu-kabu, da direban babbar mota, waɗanda wasunsu ke korar barci da shayi mai ɗaci, wasu har da ƙwayar tiramol. Barcin da ka kora bashi ne, zai zo biɗar ka ko a kan hanya ne, ka halaka kanka ka halaka bayin Allah.

Idan kai isha'i ka koma gidanka,
Akwai masu haƙƙi, suna saurarawa.
Tuwo ba shi renon ɗiya shi kaɗai fa,
Uba sai ya zauna yana tattalawa.

Sharhi: Ya zo cikin Sahihul Buhari cewa Annabi ya ƙulla 'yan'uwantaka tsakanin Salmanul Farisi da Abud Darda'i, Allah Ya yarda da su. Salmanu ya kai masa ziyara, ya iske matarsa cikin tufafi marasa ado. Da ya tambaye ta, ta gaya masa ɗan'uwansa ba ya da bukatar duniya. Aka kawo abinci, Salmanu ya ƙi ci sai da Abud Darda'i ya karya azumin nafilarsa suka ci tare. Da dare ya tashi zai yi salla, Salmanu ya sa shi ya kwanta, ya sake tashi, ya sake kwantar da shi, sai ƙarshen dare suka yi salla tare. Sa'an nan ya tunatar da shi cewa Ubangijinsa na da haƙƙi a kansa, ransa na da haƙƙi, iyalinsa na da haƙƙi, ya ba kowa nasa. Da labari ya kai ga Annabi, sai ya gaskata Salmanu.

Ku lura, abin da ya shagaltar da Abud Darda'i azumi ne da salla, duk da haka aka tsawatar masa. To ina ga wanda kasuwa ce ta raba shi da gidansa, ya fita yara na barci, ya dawo suna barci? Uwar Muminai A'isha ta ba da labari cewa Annabi idan yana gida yana cikin hidimar iyalinsa, idan lokacin salla ya yi sai ya fita. Ga shi kuwa shi ne limami, shi ne alƙali, shi ne jagoran al'umma. Babu ɗayanmu da ya kai shi hidima.

Ka ɗau ɗan kaɗan wanda za ka iya shi,
Ya fi wanda gobe kake ajiyewa.
Barcinka da niyya ibada ne shi ma,
Mu'azu ya gane, yana lissafawa.

Sharhi: Abdullahi ɗan Amru ɗan Asi ya ɗaukar wa kansa azumi kullum da tsayuwa dukkan dare. Annabi ya umurce shi da kwana 3 a wata, ya ce yana iya fiye, aka yi ta ƙara masa har aka tsaya a azumin Annabi Dawuda, yau a yi gobe a sha. Da tsufa ya kama shi, ya yi ta burin ina ma ya karɓi sauƙin da aka ba shi tun farko. Haka nan Annabi ya ga igiya ɗaure tsakanin ginshiƙai biyu a masallaci, aka ce ta Zainabu ce, tana riƙe ta idan ta gaji da tsayuwa. Ya sa aka kwance, ya yi umurni mutum ya yi salla gwargwadon nishaɗinsa, idan ya gaji ya zauna. Shi kuwa Mu'azu ɗan Jabal, sa'ad da yake Yaman, ya gaya wa Abu Musa cewa yana neman lada a barcinsa kamar yadda yake nema a tsayuwarsa.

Ya kai muridi, ka duba wuridin da aka ba ka, da ƙidaya aka ba ka shi, da lokaci. Shehunai sun san ƙarfin ɗan Adam. Wanda ya ƙara wa kansa dubban tasbihi ba da izini ba, har ya makara sallar asuba, ya wayi gari yana faɗa da matarsa, ya sai da farilla ya sayi nafila.

Rabonka yana nan, wani ba ya cin sa,
Ka nema da tsari, ka bar gaggautawa.
Ta'ala Ka ba mu tsakaici a aiki,
Mu dace da kalma a ranar rabuwa.

Sharhi: Na san wani zai ce, "Malam, mai ƙoshi ke zancen hutu, ni idan ban fita ba tukunya ba ta hawa murhu." Gaskiya ne, lalura tana da hukuncinta, kuma mai faɗi tashi domin ciyar da iyali yana cikin ibada. Lokacin shuka da girbi dole a matsa, amma ko manomi yana da rani. Sai dai kowa ya tambayi zuciyarsa, bukata ce ke kora shi ko kwaɗayi, ko kuwa jin cewa idan ba shi abu ba zai yiwu ba. Ni wannan na ƙarshe ne ya kama ni, kuma reshe ne na jin kai. Na yi wata guda a kwance, karatu bai tsaya ba, manyan almajirai suka riƙe shi.

Masu gida kuma su ji tsoron Allah game da yaran shago da barori da leburori. Cikin hadisin Abu Zarri an hana a ɗora wa na ƙasa abin da ya fi ƙarfinsa, idan kuwa an ɗora to a taimake shi.

Ga abin da na tsara wa kaina, wanda ya ga ya dace da shi ya ɗauka. Na raba darussan safe da almajirai biyu. Ina yin ƙailula da rana. Alhamis da Juma'a, da magabatanmu suka bar wa makarantun allo hutu, na daina cika su da wasu hidimomi. Bayan isha'i ina kashe wayar salula, sai rasuwa ko haihuwa ake buga mini ƙofa. Ina shan maganin da likita ya rubuta, ina zuwa awo. Tsakanin magariba da isha'i kuwa auta takan kawo allonta, ta biya ina saurare. Bara ta sauke, ni na ja mata izun ƙarshe.

Allah Ya gafarta mana abin da muka tauye na haƙƙin jikinmu da iyalanmu, Ya sanya albarka a lokutanmu, Ya jiƙan iyayenmu da malamanmu. Wanda ya ga kuskure ya gyara, ya sa ni cikin addu'a. Tammat bi hamdillahi.