Kuɗin Mota da Rabon Gwauraye

Idan 'yan Boys' Brigade na wata ikkilisiya a Uwani, cikin Inugu, suka soma shirin zuwa gasa a Arewa, tambaya ɗaya takan taso a taron dattawa: daidai ne a kashe kuɗi kan ganguna, da algaita mai salka, da hayar mota, alhali ga gwauraye da marayu?

Ƙaunatattu, mu tuna mafari. William Alexander Smith ya kafa ƙungiyar a Glasgow a 1883, ta iso Nijeriya a 1908. Nufinsa horo ne da tsoron Allah. Yaron da ya shafe watanni yana koyon daidaita numfashinsa da na 'yan'uwansa ya koyi biyayya da haƙuri, ko an ci kofi ko an dawo hannu wofi. Kuɗin da ya sayi wannan bai lalace ba. A Yohanna 12, Yahuda ne ya fake da matalauta, Ubangiji kuwa ya karɓi turaren Maryamu.

Amma akwai sharaɗi. Kada a taɓa rabon gwauraye. A yi baiko na musamman, a lissafta kuɗin mota da abinci da masauki tun da wuri, a karanta lissafin a gaban jama'a. Fiye da kome, kada a bar ɗan talaka a gida domin ubansa ya kasa biya. Ƙungiyar da ta bar shi a tasha ta riga ta faɗi gasar a gaban Allah.