Baƙon da ba shi da takarda, da amanar da ke wuyanmu

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa. Allah Ya ƙara yarda ga Shehunmu Ahmadu Tijjani da halifofinsa, Ya saka wa muƙaddamanmu da alheri.

Bayan haka, ya ku ƴan uwa ahbabu, ni ɗalibi ne, ban kai matsayin yi muku wa'azi ba. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami wani baƙo ne da ya sauka zawiyarmu a nan Yamai. Bayan wazifar magariba kowa ya watse, shi ya yi zaune a lungu da tasbaharsa. Saurayi ne ɗan ƙasar Gine, magini. Ba ya jin Hausa, ba ya jin Zabarmanci, sai aka kira ni in yi tafinta da Faransanci. Ya ce shekara huɗu yana aikin gini a ƙasar Aljeriya. Wata safiya aka yi samame a wurin aikin, aka kwashe su da tufafin jikinsu. Matarsa da ɗiyarsu mai shekara biyu suna ɗaki a lokacin, ba a bar shi ya koma ya gaya musu ba, wayarsa ma ba ta biyo shi ba. Ya ce babu abin da ke hana shi barci kamar tunanin cewa matar tana zaton gudu ya yi ya bar su.

Hanyar da ya biyo sananniya ce. Tun ƙarshen 2014 ake kwaso ƴan Nijar daga Aljeriya cikin manyan motoci, bisa yarjejeniya tsakanin ƙasashen biyu, a sauke su a garin Asamaka. Waɗanda ba ƴan Nijar ba kuwa, akan sauke su a wani fili na rairayi kan iyaka da ake kira Fuwan Zero, su taka kilomita 15 da ƙafa kafin su ga Asamaka. Babu inuwa, babu rijiya. Cikinsu akwai mata masu ciki da masu goyo.

Mu mutanen kudu mun san wannan hamada da kuka. A watan Oktoba na 2013 aka tsinci gawawwakin mutum 92 tsakanin Arlit da iyakar Aljeriya, bayan motocinsu sun lalace. Yara 52, mata 33, maza 7, akasarinsu daga yankin Kance a jihar Damagaram. Ƙishirwa ta kashe su. Ƙasa ta yi makokin kwana uku. Duk lokacin da na ji ana karanta ƙissar Nana Hajara, tana kai da kawo tsakanin Safa da Marwa tana neman ruwa ga jaririnta Annabi Isma'ila, matan Kance nake tunawa. Allah Ya girmama gudun uwa mai neman ruwa ga ɗanta har Ya mayar da shi ibada, ba a gama hajji ko umara sai da shi. Mu kuma muna jin labarin uwaye irinta a rediyo, mu ce "Allah Ya kyauta", mu ci gaba da shayi.

Na san abin da wani zai ce, don an faɗa mini a jami'a. Wai wa ya aike su? Kuma ai kowace ƙasa tana da haƙƙin sanin wanda ya shigo mata, balle a wannan zamani na ƴan bindiga. Gaskiya ne. Ban ce a buɗe iyaka a tafi barci ba, kuma ban wanke iyayen da ke ɗaukar yara, wani lokaci ma yaran wasu, su tafi da su bara ƙasar waje ba. Wannan laifi ne, malamanmu su ci gaba da faɗa. Amma rashin takarda laifi ne da ke da gwargwado. Hukuncinsa bai kai ga ƙishirwa a sahara ba, bai kai ga raba uba da ɗiyarsa ba. Manzon Allah (SAW) ya yi hani mai tsanani ga raba uwa da ɗanta, kuma kan fursunonin yaƙi aka yi hanin. To ina ga magini da bai ɗaga wa kowa hannu ba?

A fiƙihunmu akwai babin amana, wanda muke wucewa da sauri a karatun Risala don muna ganin na zamanin yaƙi ne. Ranar buɗe Makka, Ummu Hani, ƴar uwar Sayyidina Ali, ta ba wasu dangin mijinta mafaka alhali ana neman su. Ta kai magana gaban Annabi (SAW), ya tabbatar da amanarta. Malaman Malikiyya suka ce amanar mafi ƙanƙantar Musulmi tana hawa kan sauran, har ta mace, har ta yaro idan ya san ma'anarta, wasu kuma suka ce sai shugaba ya zartar. Ku lura, ko a ƙauli na biyu ba a soke ƙofar ba, an dai ɗora wa shugaba nauyin buɗe ta. Abin da a yau ake kira takardar zama, ita ce amanar nan a rubuce. Gwamnatin da ke cin moriyar gumin baƙo shekara da shekaru, ba ta ajiye masa wata hanya ta samun takarda ba, ta toshe ƙofar da shari'a ta bari a buɗe.

Kuma gyaran ba mafarki ba ne, an yi shi kusa da mu. A 2013 ƙasar Maroko ta ba da umarnin karɓar ƴaƴan baƙi a makarantun gwamnati. A 2014 ta buɗe rajista ga marasa takarda, sama da mutum 27,000 suka nema, mafi yawansu suka samu, aka kuma sake buɗe zagaye na biyu a ƙarshen 2016. Ban ce can aljanna ce ba, don a katangar Melila a watan Yuni na 2022 aƙalla baƙi 23 suka mutu. Amma dubban mutane sun fita daga ɓuya, sun yi hayar ɗaki da sunansu, sun je asibiti ba tare da fargaba ba. Hukuma ma ta ci riba, domin wanda ke cikin rajista an san inda yake kwana. Tsaron da ake fakewa da shi, rajista ce ta fi kawo shi.

Nan gida ma mun gwada tsanani mun ga ƙarshensa. Dokar 2015-36 ta mayar da jigilar baƙi zuwa arewa laifi, aka kama direbobi a Agadas, aka riƙe motoci. Tafiya ba ta tsaya ba. Direbobi suka bar hanyoyin da ke da rijiyoyi da jami'ai, suka bi ta inda in mota ta mutu babu mai gani. An soke dokar a watan Nuwamba na 2023. Soke ta bai ba kowa takarda ba, bai haɗa kowa da iyalinsa ba.

Abin da nake roƙo, in muryar ɗalibi za ta kai, shi ne shugabanninmu su sa sharuɗɗa a duk zaman da za su yi da maƙwabta: kada a kori mutum sai an duba lamarinsa shi kaɗai, a bar shi ya ɗauko iyalinsa da kuɗin aikinsa, kuma kada a ƙara sauke ɗan Adam inda babu ruwa. Wanda ya daɗe yana aiki ko ya haihu a ƙasa, a ba shi hanyar takarda. Sa'annan duk abin da muka roƙa wa namu a waje, mu yi shi ga baƙin da ke cikin Maraɗi da Tawa da Yamai, in ba haka ba bakinmu bai da nauyi.

Mu Tijjanawa ya kamata mu fi kowa jin wannan magana. An haifi Shehu a Ainu Madi, cikin Aljeriyar yau, a 1737. Matsin masu mulki ya sa ya bar Abi Samguna ya shiga Fas a 1798 da iyalinsa da almajiransa. Sarki Maulaya Sulaimanu ya karɓe shi, ya ba shi gida. Zawiyar da muke tara kuɗi shekaru don mu ziyarta, a garin da ya karɓi baƙo aka gina ta.

Sai dai akwai abin da ya dame ni game da kanmu. Mun yi wa saurayin nan shimfiɗa, mun haɗa masa jaka ashirin da ƴan kai, don mun ga tasbaha a hannunsa, mun ji yana wazifa daidai. Ya ce mini waɗanda suka taka rairayin tare da shi, har da wani Kirista ɗan Kamaru da ya raba ruwansa da shi. Da shi ne ya ƙwanƙwasa ƙofarmu, da mun buɗe? Na tambayi kaina ban ji daɗin amsar ba. Najjashi bai tambayi Sayyidina Ja'afar da sauran sahabbai addininsu don ya kore su ba, ya saurare su, ya ƙi miƙa su ga jakadun Ƙuraishawa, alhali shi Kirista ne a lokacin.

Wani ɗan uwa cikinmu ya ba shi aikin ɗaura bulo. Ya tuna lambar wani maƙwabcinsu, mun kira sau uku ba ta shiga, za mu sake gwadawa ranar Juma'a. Ina roƙon duk zawiyar da wannan rubutu ya isa, ku sa shi da matarsa da ɗiyarsa cikin addu'ar bayan zikirin Juma'a. Allah Ya sada su, Ya jiƙan waɗanda rairayi ya rufe, albarkar Annabi (SAW). Wassalamu alaikum wa rahmatullah.