Ko Zanzaro Azzalumi Ne?

Kowa a ƙasar Batsari da Safana ya san zanzaro, mai gina ɗakin laka a jikin bango, ya cusa gizo-gizo a ciki. Yana da wani babban ɗan'uwa mai farautar manyan gizo-gizo a ƙasa. Dangin wannan babban sun kai wajen iri 5,000, kuma ban da ƙasar ƙanƙara ta ƙarshen kudancin duniya, babu nahiyar da ba su bazu ba. Mafi girmansu suna Amurka, tun daga hamadar Arizona har Ajantina, tsawon waɗansu ya kai inci 2.

Macen ce ke farautar. Takan harbi gizo, dafin ya sandarar da shi ba tare da ya mutu ba. Kana ta ja shi cikin rami, ta saka masa ƙwai ɗaya, ta toshe. In tsutsa ta ƙyanƙyashe, sai ta yi ta cinsa da ransa har ta girma.

To, wannan zalunci ne? Tambayar tana da nauyi, gama miyagun mutane kan kafa hujja da irin wannan, su ce ai ko'ina a duniya mai ƙarfi ke cin marar ƙarfi. Mutanen da ke bakin dajin Rugu sun ɗanɗana ɗacin wannan magana. A shekarar 2020 ɓarayin daji suka faɗa wa Tsauwa da Dankar a ƙasar Batsari, suka kashe mutum 30.

Amma hujjar ba ta tsaya ba. Macen nan ba ta cin naman da ta kama, ruwan fure take sha. Gizo ɗaya take ajiye wa kowane ɗa, ba ta tara abin da ya wuce bukata. Kuma ba ta da zaɓi, gama tsutsarta ba ta iya cin gero. Mutum kuwa an ba shi hankali, da fartanya, da ikon ya ce a'a. Saniyar da ya kora, ya san guminta na wani ne.

Saboda haka yawan ƙasashen da ƙwaron ya mamaye ba ya wanke ɗan Adam ko ɗaya. Zalunci sai mai sani da zaɓi ke yinsa, kuma alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi.